Allo uku a ɗaki ɗaya: Yadda matasa za su koyi tuƙin jirgi a kwamfuta ba tare da asarar kuɗi ba

Matashin da ya taso a Sabon Gida, Madawa, Buza ko Keita yana iya shekara bai ga jirgin sama a ƙasa ba. Amma idan yana da kwamfuta da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, zai iya rubuta DRRT, lambar filin jirgin Tawa, ya tashi, ya sauka a Maraɗi ko Kano yana zaune a ɗakinsa.

Manhajojin da aka fi sani uku ne: Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982, da X-Plane, sai FlightGear wadda kyauta ce. Dukkansu suna karɓar allo fiye da ɗaya, amma jera allunan yana da ƙa'ida, kuma rashin saninta ne ke sa a kashe kuɗi a banza.

Me ya sa allo ɗaya ba ya isa?

A ƙaramin jirgin koyo, matuƙi yana zama ne a kujerar hagu. Kafin ya sauka yakan zagaya filin, galibi ta hannun hagu, yana leƙen titin jirgi ta tagar gefe don ya san lokacin juyawa. Allo ɗaya gaba kawai yake nunawa. Shi ya sa ake ƙara biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, su tsaya a madadin tagogi.

Awo kafin saye

Allo mai inci 24 yana da faɗin kusan santimita 53. Idan tsakaninsa da idonka santimita 60 ne, abin da ya rufe na ganinka kusan digiri 48 ne. Adadin da ya kamata ka ba manhajar ke nan a wurin saita faɗin gani. Idan ka ba ta 90 don ka ga abubuwa da yawa, titin jirgi zai yi kamar yana nesa alhali ka iso kansa, kuma idonka zai saba da awon da ba daidai ba.

Na gefe kuma a karkato su zuwa ga mai zama, yadda kowanne zai fuskanci idonsa kai tsaye a nisa ɗaya da na tsakiya. Sannan a juya hoton na hagu digiri 48 zuwa hagu, na dama ma haka, a ƙara digiri biyu ko uku saboda bakin allunan. Gwajin mai sauƙi ne: layin da ƙasa ta haɗu da sama ya miƙe daga allo zuwa allo ba karaya. Idan ya karye, ko dai tsayin allunan bai zo ɗaya ba, ko kusurwar ba ta yi daidai ba.

Saboda haka ya fi kyau ukun su zama iri ɗaya, girma ɗaya. Ƴan uwan da ke ci-rani masu aiko da kayan hannu su lura da wannan, su kuma tabbatar kwamfutar tana da kafofi uku na jona allo.

Nauyin da ke kan kwamfuta

Allo uku na nufin katin sarrafa hoto zai yi aiki kusan ninki uku. Idan hoton ya gaza sauyawa sau 30 a daƙiƙa, jirgin zai riƙa sarƙewa daidai lokacin sauka. A yankin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta, na'urar za ta sha wuya idan ba a share fankarta a kai a kai.

Akwai kuma batun intanet. Microsoft Flight Simulator ta 2020 da ta 2024 suna jawo hotunan ƙasa ta intanet yayin da ake tuƙi, abin da ke cin data sosai. X-Plane da FlightGear kuwa suna aiki da taswirar da aka riga aka sauke. Ga mai ƙaramin ƙarfi, allo ɗaya babba da sandar tuƙi mai kyau sun fi allo uku a kan kwamfuta marar ƙarfi.

Iyakar abin da ɗaki zai koyar

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1929 Ba'amurke Edwin Link ya ƙera na'urar koyon tuƙi a ƙasa. Manyan na yau suna kan ƙafafu shida masu motsi, da madubi mai lanƙwasa da ke nuna kusan digiri 180. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta sayi irin wannan na'ura ta jirgin Boeing 737 daga kamfanin CAE na Kanada. A Yamai kuma akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, mai horar da masu ba jirage hanya, masana yanayi da injiniyoyi.

Sai dai sa'o'in da aka yi a gida ba sa shiga lissafin lasisi. A ƙa'idar hukumar ICAO, lasisin tuƙin jirgin kai yana buƙatar aƙalla sa'o'i 40, kuma kaɗan ne daga ciki ake yarda a yi a na'ura, ita ma sai wadda hukuma ta amince da ita, kamar ANAC a Nijar ko NCAA a Najeriya.

Abin da allunan gida ke bayarwa shi ne sabo da karanta agogunan jirgi, bin jerin matakan tashi da sauka, da fahimtar taswira. Ba sa koyar da yadda jiki ke jin iska ko nauyin sitiyari. Wanda ya saba ƙura wa agoguna ido maimakon duban waje, sai malami ya sake raba shi da wannan ɗabi'a a cikin jirgi na gaske, inda kowace sa'a kuɗi ce. Amfanin allunan gefe ke nan: su koya wa ɗalibi ɗaga kai tun yana gida.