Tsoron Shiga Jirgin Sama: Asalinsa Da Hanyoyin Magance Shi

Gabatarwa

Tun daga watan Nuwamba na 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, jirgin sama ya shiga cikin rayuwar ƙasar Hausa. Tafiyar aikin hajji, wadda a da takan ci shekaru a ƙasa ta hanyar Chadi da Sudan, yanzu ba ta wuce awa huɗu zuwa biyar daga Kano zuwa Jidda. Duk da wannan sauƙi, har yau akwai mutane masu yawa, cikinsu har da masu ilmi da manyan ma'aikata, waɗanda ambaton shiga jirgi kawai yakan hana su barci. Akan sami ma'aikaci da aka zaɓa zuwa kwas a ƙasar waje ya ƙirƙiri uzuri, ko ɗalibi ya bar gurbin ƙaro ilmi ya wuce shi, ko kuwa wani ya gwammace ya kwana a mota daga Kano zuwa Legas alhali jirgi awa ɗaya da rabi zai yi. Galibinsu ba su faɗin dalili, saboda kunya. Manufar wannan lacca ita ce bayyana inda wannan tsoro ya samo asali, da kuma nuna cewa sani da sabo su ne maganinsa, gudun jirgin kuwa ƙara masa ƙarfi yake yi.

Asalin Tsoron

Da farko dai wajibi ne a yarda cewa tsoron yana da tushe. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Haka kuma ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin alhazai da ya nufi Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, dukan mutum 261 da ke ciki suka rasa rayukansu. Gidaje da yawa a Arewa sun yi zaman makokin waɗannan ranaku, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma ba labarin haɗari kaɗai ke kawo tsoron ba. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa abubuwa dabam-dabam ne ke haɗuwa a cikinsa. Wani tsoron bisa yake yi, wani kuwa ƙuncin wurin da aka rufe ƙofarsa ne ke damunsa. Wani abin da ba ya iya jurewa shi ne ragamar rayuwarsa tana hannun matuƙin da bai gani ba, ba kuwa zai iya cewa a tsaya ya sauka ba, kamar yadda zai gaya wa direban mota. Akwai kuma wanda tsoron kansa yake tsoro, watau yana fargabar kada ya firgita a gaban jama'a ya ji kunya.

Idan ƙwaƙwalwa ta ɗauka akwai haɗari, sai jiki ya saki sinadarin da ake kira adirenalin. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya koma sama-sama, tafin hannu ya jiƙe da gumi, a ji jiri. Wannan shiri ne na gudu ko faɗa, mai amfani ga wanda ya yi kaciɓis da kura a daji. Ga wanda ke ɗaure a kujera kuwa babu inda za shi, don haka sai ya ɗauki waɗannan alamomi a matsayin shaidar cewa lalle wani abu ya lalace, tsoro ya ƙara hauhawa.

Abin Da Lissafi Ya Nuna

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. A wannan shekara ta 2023, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙidaya tashin jirage wajen miliyan 37, kuma ɗaya ne kawai daga ciki ya yi haɗarin da aka rasa rai, watau wanda ya auku a ƙasar Nepal, inda mutum 72 suka rasu. Ashe ke nan wanda ya guji jirgi ya hau mota ya zaɓi hanyar da ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Dalilin da ya sa zuciya ba ta ganin haka shi ne haɗarin mota yakan ɗauki mutane kaɗan-kaɗan ba a ji ba, na jirgi kuwa duniya duka takan ji, a yi ta maimaita shi har shekaru.

Har ila yau, kowane haɗarin jirgi akan bincike shi filla-filla bisa ƙa'idojin da suka samo tushe daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, domin a toshe kafar da ya biyo. Alal misali, binciken haɗarin 1991 ya gano cewa tayoyin da iskarsu ba ta cika ba su ne suka fashe suka haddasa wutar.

Abin Da Fasinja Ke Ji Da Ma'anarsa

Lissafi kaɗai ba ya kwantar da zuciyar mai tsoro. Abin da ya fi taimaka masa shi ne ya san ma'anar kowane motsi da kowace ƙara kafin ya ji su. Ba injin ne ke riƙe jirgi a sama ba, fukafukai ne. Aikin inji shi ne tura jirgin gaba, iskar da ke ratsa fukafukan ita ke ɗaga shi. Saboda haka an ƙera jirgi mai inji biyu yadda zai iya tafiya ya sauka da inji ɗaya. Ko da duka sun mutu, ba ya faɗowa kamar dutse, sai dai ya yi ta gangarowa sannu a hankali kamar shirwa. A 2001 wani jirgi mai ɗauke da mutum 306 ya rasa mai a tsakiyar tekun Atlantika, ya tafi kimanin kilomita 120 babu inji, ya sauka a tsibiran Azores, ba wanda ya rasu.

Ƙarar da akan ji a ƙarƙashin kujera bayan tashi, tayoyi ne ke naɗewa suna shiga ma'ajiyarsu. Jim kaɗan kuma sai ƙugin inji ya ragu, mutum ya ji kamar ana faɗuwa, alhali matuƙi ne ya rage wuta bayan an gama da ƙarfin da tashi ke bukata, jirgin kuwa hawa yake ci gaba da yi. Toshewar kunne daga canjin nauyin iska take, hamma ko haɗiyar yawu ko tauna cingam kan buɗe shi. Ƙofar jirgi kuwa ba ta buɗuwa a sama, domin iskar da aka matse a ciki ta danne ta da ƙarfin da ya fi na kowane mutum.

Abin da ya fi firgita fasinja shi ne girgiza. Iska ma tana da gargada kamar hanyar mota, musamman da rana tsaka lokacin bazara, sa'ad da zafin ƙasa ke tura iska sama, ko kusa da hadarin damina. Akan gwada fukafukan jirgi da nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake tsammanin za su gamu da shi sau ɗaya da rabi, kuma lanƙwasar da akan ga suna yi da gangan aka ƙera su haka. Galibin waɗanda kan ji rauni a girgiza su ne waɗanda ba su ɗaura bel ba.

Hanyoyin Magance Tsoron

Hanyar da likitocin ƙwaƙwalwa suka fi dogara da ita ta samo asali ne daga aikin Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya bayyana ta a littafinsa na 1958. Gindinta shi ne a kusanci abin tsoro mataki-mataki, a tsaya a kowane mataki har fargaba ta lafa da kanta, sa'an nan a ci gaba. Mai tsoro zai fara da kallon hotunan cikin jirgi da sauraron ƙararsa, daga nan ya raka matafiyi filin jirgi ya kalli tashi da sauka, sa'an nan ya yi gajeriyar tafiya, kamar daga Kano zuwa Abuja, tare da wanda ya amince da shi. Kada kuma a bar tazara mai tsawo kafin tafiya ta biyu. Hikimar ita ce duk ranar da mutum ya fasa tafiya yakan ji sanyi a ransa, wannan sanyi kuwa shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ta.

A ranar tafiya, ya kyautu a sami isasshen barci, a ci abinci mara nauyi, a isa filin jirgi da wuri. A rage goro da gahawa da shayi mai kauri, domin suna ƙara bugun zuciya. Tafiyar safe ta fi ta rana lafawa, kujerar da ke daidai fukafukai kuma ta fi ta baya ƙarancin girgiza. Babu laifi a gaya wa ma'aikatan jirgi halin da ake ciki, domin sun saba da irinsa. Idan firgita ta taso, a ja numfashi ta hanci a hankali, a fitar da shi a hankali fiye da yadda aka ja, a kuma tuna cewa irin wannan firgita takan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sa'an nan ta sauka. Maganin barci ko na kwantar da hankali kuwa kada a sha sai da umurnin likita, domin yakan rufe tsoron ne na yini ɗaya, ba ya koya wa zuciya kome.

Kammalawa

A taƙaice, tsoron jirgin sama ba ragwantaka ba ne, ba kuwa abin kunya ba ne. Kuskure ne na ƙwaƙwalwa wajen auna haɗari, kuma ana gyara shi da sanin yadda jirgi ke aiki tare da shigarsa a kai a kai. Ba lalle ne fargaba ta gushe gaba ɗaya ba, abin nema shi ne kada ta zama ita ke yanke wa mutum shawara game da karatunsa ko aikinsa ko ziyarar danginsa. Wanda abin ya tsananta gare shi har yana hana shi waɗannan, ya kamata ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam a asibitin koyarwa mafi kusa da shi, tun kafin ranar tafiya ta ƙarato.