Noraebang: Ɗakin Waƙa na Mutanen Koriya

A Koriya ta Kudu, abokai kan kama hayar ɗan ɗaki, su ja ƙofa, su rera waƙa son ransu. Sunan wurin noraebang: "norae" waƙa, "bang" ɗaki. Daga Japan al'adar ta shigo birnin Busan a 1991.

A ciki akwai allo, makirufo biyu, kacau-kacau da littafin lambobin waƙoƙi. Injin kamfanin TJ ko Kumyoung ke sakin kiɗa, ya kuma ba mawaƙi maki har 100. Daɗin abin, babu idon baƙo, mai kunya ma sai ya saki jiki.

Mai koyon Koriyanci ya riƙe "yeyak", sa waƙa a layi, da "sijak", farawa, da "chwiso", sokewa. In mai wurin ya ce "seobiseu", gyara ya yi wa masu waƙar: ƙarin mintoci kyauta.