Abin da ke riƙe ɗan ƙwallon guragu a fili

Ƙwallon guragu, wadda a hukumance ake kira Para-soccer, a Najeriya aka ƙirƙiro ta. Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma cutar shan inna ta taɓa, shi ya kafa ta a 1988. Ɗan wasa yana zama ne a kan ɗan katako mai ƙananan tayoyi, ya tura kansa da hannu, ya kuma bugi ƙwallon da hannun. Da yawa kan zura hannayensu cikin silifa don kada siminti ya ɗaye musu fata. A Accra ta ƙasar Gana ma ana buga irinta, akwai ƙungiyar Rolling Rockets.

Shiga wasan ba ya da wuya. Saurayi ya ga 'yan'uwansa suna sheƙa gudu ana tafa musu, gobe sai ga shi da nasa katakon. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗorewa: me ke sa magidanci mai iyali ya ci gaba da zuwa atisaye shekara da shekaru?

A fara da ƙasa. Tayar katakon ba ta tafiya a yashi ko ciyawa, sai daɓen siminti mai santsi, irin na filin ƙwallon kwando. Irin wannan fili kaɗan ne a gari, kuma masu ƙafa ma suna son sa. Wanda aka ba shi fili da tsakar rana, siminti na ƙuna, kamar an sallame shi ne cikin ladabi. Sai zuwa filin. Mai keken guragu da hannu yake murza shi, in tafiyar ta yi nisa ya ƙarar da ƙarfinsa kafin a hura usur. In ya hau Adaidaita Sahu kuma, kuɗin zuwa da dawowa daga kuɗin cefane za su fito. Atisayen awa biyu kan cinye rabin yinin neman abinci, ko mutum tela ne, ko mai walda, ko mai tireda.

Abin da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba shi ne kafaɗa. Ga gurgu, kafaɗa da damtse su ne ƙafafu: da su yake hawa gado, ya shiga banɗaki, ya yi sana'a. Ɗan ƙwallon ƙafa in ya ji rauni a gwiwa, ya dogara sanda ya fita. Wannan kuwa in kafaɗa ta tsaya, komai ya tsaya. Ga kuma abin da likitoci suka sani game da shan inna: bayan shekaru da dama wasu kan fara jin sabon rauni da saurin gajiya a tsokar da a da take aiki. Don haka mai horarwa da ya san aikinsa kan rage wa manya nauyi, ya mayar da wani gola, wani alƙalin wasa, wani mai koyar da yara, maimakon ya bari su ɓace. A ganina nan ake gane ƙungiyar kirki, ba a yawan kofuna ba.

Duk da haka suna zuwa, domin filin majalisa ce. Nan ake jin inda ake neman ma'aikaci, nan ake haɗa gudunmawar biki da suna, nan ake tambayar wanda ba a gani ba ko lafiya. A nan sunan mutum ɗan wasan gaba ne, ba abin tausayi ba.

Hukumomi sun fi tunawa da su ranar 24 ga Oktoba, Ranar Yaƙi da Shan Inna ta Duniya, a raba riguna a ɗauki hoto. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan, suna manyanta. Ƙaramar hukuma ko attajirin da ke son taimakawa ya daɓe musu fili a cikin unguwa, ya ware musu lokacin la'asar, ya ɗauki nauyin kuɗin motar atisayen kowane mako.