Gaya: girman jirgi ba shi ne yawan kifi ba

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke son zuba jari a kamun kifi a Gaya, ya fara duba halin kogin Isa. Daga watan Mayu zuwa Yuni ruwa kan janye, rairayi ya fito. Jirgi mai zurfin ciki sai ya kafe. Shi ya sa masunta suka fi son na katako mai faɗin ƙasa, da injin ratayawa a baya, irin Yamaha mai doki 15 ko 25, wanda ake ɗagawa in ruwa ya yi ƙaranci. Injin da ake gauraya wa esansi da baƙin mai yana da sha, amma makanikai sun san cikinsa. Mai doki 40 kuwa na masu jigila ne: a hannun masunci, kuɗin mai kan cinye riba.