AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yadda Ake Sa Fuskar Wuƙa Ta Yi Sumul

Tambaya: Wani maƙeri mai sauraronmu daga Danchadi, ƙaramar hukumar Boɗinga ta Jihar Sakkwato, ya rubuto cewa ran kasuwa masu saye na tsallake wuƙaƙensa su ɗauki na kanti, wai sun fi kyan gani. Yaya zai yi nasa su yi sumul haka?

Amsa: To malam, sannu da aiki. Wannan sheƙi mai sanyi ba fenti ba ne, ƙananan layuka ne a jikin ƙarfen, duk sun miƙe waje guda, su ke warwatsa haske. Ko sandunan ƙarfe na wasan golf haka ake yi wa wasunsu, don kada rana ta kashe idon mai bugu.

Fara da magagari ka share sawun guduma. Sai ka naɗa samfefa mai lamba 120 a kan katako, ka goga daga ƙota zuwa tsini. Ban da kewaye, ban da gicciye. Koma 220, sannan 400 da ɗigon mai. Kada ka canja lamba sai layukan ta baya sun ɓace. A nan masu gaggawa ke ɓata aiki. In ƙarfen mai rufin kurom ne, ƙyale shi, gugar za ta cinye rufin, tsatsa ta samu ƙofa.

Daga nan wasa baki, ka share tas, ka shafa man gyaɗa kaɗan. Baƙin mai bai dace da wuƙar yankan nama ba. Allah ya ba da kasuwa, amin.