Limbe: Garin baƙin rairayi da ke jiran dawowar baƙi

Duk wanda ya isa garin Limbe na ƙasar Kamaru, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne launin rairayin bakin teku. Maimakon fari ko ja da aka saba gani, na Limbe baƙi ne wuluk.

Garin, wanda ke da tashar jiragen ruwa, yana lardin Kudu Maso Yamma ne, kimanin kilomita 70 daga Duwala. Tekun Atlantika na gabansa, Dutsen Kamaru kuma, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, yana bayansa.

Shi wannan dutse mai aman wuta ne, kuma narkakken dutsen da ya daɗe yana fitarwa ne ya sandare, ya farfashe, har ya zama baƙin rairayin. A shekarar 1999 aman da ya yi ya gangaro har ya datse hanyar da ta bi gaɓar teku a kusa da ƙauyen Bakingili.

Tarihin garin

Wani ɗan mishan na Ingila mai suna Alfred Saker ne ya kafa garin a 1858, ya kuma raɗa masa suna Victoria. Daga baya ya koma hannun Jamusawa, sannan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Turawan Ingila suka karɓi yankin, suka riƙa mulkarsa tare da Najeriya.

A ƙuri'ar raba-gardamar 1961 ne kudancin yankin ya zaɓi haɗewa da Kamaru, yayin da arewacinsa ya zaɓi Najeriya, inda ya zama lardin Sardauna. A 1982 aka sauya wa garin suna zuwa Limbe.

Lambun da ya haifi gandaye

Lambun tsirrai na Limbe, wanda Jamusawa suka kafa a 1892, yana cikin mafiya daɗewa a nahiyar Afirka. Sai dai ba domin shan iska aka yi shi ba tun asali.

A nan ne Turawan ke gwada tsirrai irin su koko da roba da gahawa da ayaba da kwakwar manja, domin su ga waɗanda za su karɓi ƙasar. Waɗanda suka yi kyau sai a kai su manyan gandayen da aka buɗe a gindin dutsen, a filayen da aka raba 'yan ƙabilar Bakweri da su.

Waɗannan gandaye ne aka haɗe a 1947 ƙarƙashin kamfanin CDC, wanda hedkwatarsa ke Limbe, kuma ya daɗe yana zaman na biyu wajen ɗaukar ma'aikata a ƙasar, bayan gwamnati.

A yau lambun wurin shaƙatawa ne da kuma bincike, inda ake adana itatuwan magani da wasu tsirrai na dajin dutsen. Kusa da shi akwai cibiyar kula da namun daji da aka buɗe a 1993, mai renon goggon biri da sauran birai da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu fataucinsu.

Bakin teku

A gaɓar da ake kira Down Beach ne masunta ke sauke kifi daga kwale-kwale, mata kuma na gasa shi nan take, ana ci da soyayyar agada. Masu son iyo kan nufi gaɓoɓin da ke yamma da gari, kamar Mile Six.

Idan gari ya yi wasai, akan hango tsibirin Bioko na ƙasar Equatorial Guinea. A gabas kuma akwai kufan Bimbia, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin damina a nan ba ta wasa. Ƙauyen Debundscha da ke kusa yana samun ruwan sama kimanin milimita 10,000 a shekara, abin da ya sa yake cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya.

Rikici da gobara

To amma duk wannan ni'ima ba ta hana garin shiga tasku ba. Zanga-zangar da lauyoyi da malaman makaranta na yankin masu magana da Ingilishi suka fara a 2016 ta rikiɗe ta zama faɗa tsakanin sojoji da 'yan aware a shekarar da ta biyo baya.

Ko da yake Limbe bai ga tashin hankali kamar wasu garuruwan yankin ba, masu yawon buɗe ido sun ja baya, an kuma kai wa ma'aikatan CDC hare-hare har wasu gandayen suka daina aiki. A watan Mayun 2019 kuma gobara ta cinye wani sashe na matatar mai ta Sonara, wadda ita kaɗai ƙasar ke da ita.

Garin ya ɗan farfaɗo a farkon 2022, sa'ad da ya karɓi baƙuncin wasu wasannin gasar cin kofin ƙasashen Afirka, cikin tsauraran matakan tsaro.

Ga masunta da masu gasa kifi da masu otal-otal, samun abin sawa a bakin salati ya dogara ne ga zuwan baƙi, zuwan baƙi kuma ya dogara ga samun zaman lafiya a yankin baki ɗaya.