Fadama da Kalmominta a Ƙasar Karfi

Manomin Karfi, a ƙasar Malumfashi, ya kasa gonarsa gida biyu: tudu da fadama. Tudu na damina ne, inda ake shuka dawa da masara da auduga. Fadama kuwa ita ce ƙasa mai laka da ke gefen ƙorama, wadda ke riƙe danshi bayan ɗaukewar ruwan sama a watan Oktoba.

Idan ƙorama ta ƙafe, ruwa bai tafi ba, ya nutse ne cikin rairayi. A da, sai mai lambu ya haƙa gajeriyar rijiya, ya kafa jigo, wato sanda mai guga a goshi da nauyi a gindi, ya kwarara ruwa cikin fangali na albasa da tumatir. Haka kuma al'ada ta keɓe wa makiyayi burtali da mashaya.

Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya haɗa da Malumfashi. Daga baya injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo. Jigo ƙarfin hannu ne iyakarsa, amma inji yakan zuƙe rijiya, ya faɗaɗa lambu har ya ci burtali. Wannan na daga cikin dalilan saɓanin manomi da makiyayi.

Saboda haka, burtali da mashaya ba sunaye ne kawai ba, ƙa'idoji ne na rabon ruwa da ƙasa. In sun ɓace daga bakin jama'a, haƙƙin da suke karewa ma yakan bi su.